A fara da gota kafin a shafa wa tasha fenti

Malam Edita, assalamu alaikum.

Da an tayar da zancen jirgin ƙasa a Accra, sai hankali ya koma kan sabon layin Tema zuwa Mpakadan mai faɗin milimita 1,435 tsakanin ƙarafansa biyu. Madalla da shi. Amma tsohon reshen da ya balle daga Achimota ya nufi Tema, wanda aka shimfiɗa a shekarun 1950 saboda aikin tashar jiragen ruwa, shi ne ya ratsa cikin unguwanni. Faɗinsa milimita 1,067 ne, jirgin wancan ba ya hawa wannan, don haka gyaransa daban ne.

Babban abokin gabar ƙaramar tasha irin ta Baatsona ko Asoprochona ruwa ne. Ƙarfen dogo yana zaune ne a kan katako ko kankare, su kuma a kan tsakuwa mai kaurin kusan santimita 25 zuwa 30. Aikin tsakuwar nan biyu ne: ta riƙe layi kada ya goce, ta kuma bar ruwa ya tsiyaye. To idan ledar ruwan sha da yashi suka toshe gotar gefe da kwalbati, ruwan Mayu da Yuni sai ya kwanta. Duk ƙafar jirgin da ta wuce sai ta danna katakon ƙasa, ya ɗago, ya tsotso laka sama. Wanda ya tsuguna ya duba zai ga taɓo ya yi fari-fari a jikin tsakuwa, katakon kuma yana lilo a kan rami. Daga nan itace ya ruɓe, kusoshi su saki, tsakanin ƙarafa biyu ya buɗe. Haka tarago ke sauka daga layi ko da a hankali yake tafiya.

Maganin ba ya bukatar injin waje. A yashe gota da kwalbati tun Maris, a sake yi a Agusta kafin ruwan Satumba. A tone tsakuwar da ta cakuɗe da laka, a tankaɗe, a mayar, a dandaƙa ta ƙarƙashin katako. A bi mahaɗar ƙarafa da sifana, domin noti ɗaya da ya kwance yana jawo tsagewa.

Sai inda mota ke tsallaka layi. Akwai siririn rami a gefen ƙarfe ta ciki inda leɓen ƙafar jirgi ke bi. Tayoyin trotro, wato motocin haya, kan cika shi da yashi da duwatsu. Mutum ɗaya da ɗan ƙarfe da tsintsiya ya ishe shi, amma kullum.

Iyayenmu mata masu baza tumatir da kifi a bakin layi, ba kora muke nema ba. A ja musu iyaka, a yi musu rumfa bayanta, domin direban jirgi ko ya taka birki sai ya ci tafiya mai nisa kafin ya tsaya.

Wassalam.
Wasu masu aikin gyaran layin dogo, Alajo, Accra