Wasiƙa daga Gombak, Maleshiya

Sarkin Musu,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya Hajiya da ciwon ƙafar? Na san kana cike da ni, wata huɗu ko gaisuwa babu. Ba ni da ta cewa. Amma yau wata magana ce ta tsaya mini a wuya, kuma kai ne farkon wanda zai ji ta.

Aikin bankin nan da Kawu ya yi ta safa da marwa a kansa, ba zan karɓa ba. Batun binciken digirina ma na canza shi. Kar ka fara "ai dama na faɗa", bari in kai aya tukuna.

Akwai wata dattijuwa da ke sayar mana da nasi lemak kusa da ɗakin kwananmu, shinkafa ce da ake dafawa da madarar kwakwa a ƙunshe a ganyen ayaba. Makcik muke ce mata, wato gwaggo. Ran nan na tarar tana rabawa kyauta, baki har kunne: sunanta ya fito, za ta Makka. Ashe tun tana budurwa take zuba ƴan canjinta a Tabung Haji, ringit goma yau, ashirin gobe. Asusun maniyyata ne, an kafa shi a 1963 bisa shawarar wani masanin tattalin arziki, Ungku Aziz, wanda ya ga manoman Maleshiya suna sayar da gona da dabbobi su tafi hajji, su dawo ba su da abin kamawa. Ana juya kuɗin a harkar halal, a ba masu ajiya rabonsu. Ina tsaye da ƙunshin shinkafa a hannu sai gonar Kaka ta bayan rafi ta faɗo mini a rai. Ka tuna ranar da aka sayar da ita, Baba ya wuni a zaure bai ce uffan ba? Wallahi shinkafar nan kasa cin ta na yi.

Su ma ba a rasa su da tabo ba. A 2018 asusun ya faɗa rami sai da gwamnati ta tsamo shi, layin jira kuwa sai mutum ya yi furfura. Duk wannan nake son in tono. Mu ma ai an fara: ga bankin Musulunci na Jaiz tun 2012, ga sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, na naira biliyan 100 na 2017 da aka yi aikin hanyoyi da shi, ga adashin gata na Hukumar Alhazai. Amma shiga Dawanau ka yi zancensa ka ji nawa za su gane.

Bari ka sha dariya. Asubata ta farko a masallacin jami'a, liman ya ɗago daga ruku'un raka'a ta biyu, ni tuni na kai goshi ƙasa, sai na ji ya kama alƙunutu a bayyane, jama'a na ta amin! Ashe Shafi'iyya suke bi. A sahuna akwai ɗan Bosniya, ɗan Somaliya, da wani ɗan Sanagal mai sadalu, aka sallame kowa ya miƙa wa na kusa da shi hannu. Sai na tuna dararen da muka ɓata a teburin mai shayi kan ƙabalu da sadalu, har ka yi sati biyu kana gaba da ni. Kwantar da hankalinka, Risala tana nan a jakata. Sai dai a da na ware addini a bakin masallaci, boko kuma neman tuwo ne kawai. Mai shinkafa ce ta haɗe mini su.

Af, wai da gaske Dogo ya ƙara aure? Da wane kuɗin, mutumin da har yau dubu biyar ɗina ke wuyansa? Ka ce masa amarya ta biya.

Nan kullum la'asar sai an sheƙa ruwa, hunturu ko a mafarki. An matsa mini na ɗanɗana duriyan, wani ɗan itace da suke ji da shi. Warinsa ya sa na roƙi daddawa gafara.

Yanzu ga inda ka shigo. Baba yana jin maganarka fiye da tawa. Ka je masa bayan Juma'a in ya ci abinci, ka fara share mini hanya, amma kar ka ambaci gonar, ni zan yi wannan da bakina. Kawu kuwa a bar shi sai na tara ƙarfin hali.

In an samu mai tahowa, kuka da yaji. Kilishi kar ka wahala, ƙwace shi za su yi a filin jirgi.

Naka,
Na Gwaggo