'Yan Tsirarun da Ke Maimaita Ta'asa

Ranka ya daɗe Edita,

Ina neman ɗan fili in yi tsokaci kan laifukan duka, fashi da kisa, domin mukan ɗauka ɓata-gari sun cika ko'ina, alhali kuwa 'yan tsiraru ne ke aikata kaso mafi tsoka, suna shiga kurkuku suna fitowa.

Binciken da masanin harkar laifuka Marvin Wolfgang da abokan aikinsa suka wallafa a 1972 ya bibiyi samari kusan 10,000 a birnin Filadelfiya na Amurka, inda ya gano cewa kashi 6 cikin ɗari kacal ne suka aikata fiye da rabin laifukan da 'yan sanda suka rubuta a kansu. A Suwidin ma, nazarin 2014 ya nuna cewa kashi 1 cikin ɗari na mutanen da aka duba ne suka kwashi kashi 63 na hukuncin laifuka irin su duka, fashi da kisa.

A ganina, idan alƙali ya buɗe fayil ya tarar da suna ɗaya a karo na biyar, bai kamata ya yi masa sassaucin da ake yi wa mai laifin farko ba, musamman wajen bayar da beli.

Naka,
Wani mai karatu