Wasiƙa Zuwa Ga Iyaye Da Masu Riƙon Ɗalibai: Batun Darasin Halittun Ruwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ƙorafi ya iso ofishina cewa Malamar Bayoloji tana ɓata wa 'yan aji biyu na babbar sakandare lokaci da labarin wata halittar teku da ba su taɓa gani ba. Ni na amince da wannan darasi, kuma na so a ce masu ƙorafin sun tuntuɓe ni kafin maganar ta zagaya gari.

Halittar tana cikin dangin da Turawa ke kira jelifish, waɗanda ba su da ƙashi, kuma ba kifaye ba ne. Masana daga Jami'ar Baptist ta Hong Kong ne suka tsamo ta daga wani tafkin kiwon jatan lande a gandun kare namun daji na Mai Po da ke Hong Kong, suka bayyana ta a 2023. Jikinta garai-garai yake, mai siffar ɗan akwati, tsawonsa kimanin santimita 1.5, bai kai gaɓar yatsa ba, amma Allah Ya yi mata idanu 24. Saboda tsananin kamarta da wata 'yar'uwarta da aka daɗe da sani, sai da aka gwada ƙwayoyin gadonsu kafin a tabbatar cewa ita daban ce, sannan aka raɗa mata suna Tripedalia maipoensis: kalmar farko ta danginta ce, ta biyu kuwa ta wurin da aka same ta. Wannan tsari na suna biyu ya samo asali ne daga Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, kuma rarrabe halittu yana cikin manhajar WAEC da NECO.

Daga nan ne Malama, wadda ban taɓa samun ta da kasala ba, ta umarci kowane ɗalibi ya zana kifaye biyar na kogin Argungu, ya tambayi manya sunayensu, ya lura da mai ɓawo da maras shi. Wata ɗaliba ta zauna gaban farantin mahaifiyarta mai suyar kifi, ta ƙirga gashin bakin tarwaɗa guda takwas, ta kuma rubuto bayanin kakanta kan yadda gaiwa ke kwanciya cikin taɓo har rani ya wuce. Allah Ya yi wa gidan nan albarka. Abin takaici, mafi yawan 'yan ajin ba su kawo komai ba, a garin da ke alfahari da giwan ruwan Matan Fada. Na ƙara masu mako guda, ba kuma zan sake ƙarawa ba.

Ina jaddada cewa ba a aiki kowa bakin kogi ba. Kasuwar kifi ta wadatar. Yaran da aka gani cikin ruwa da rigar makaranta, iyayensu sun san kansu, ina jiran su ranar Litinin.

Taron iyaye da malamai yana nan ranar Asabar bayan La'asar. Masu sauran kuɗin zango su taho da shi.

Wassalam,
Shugaban Makaranta