A Tuna Da NEPU, Amma A Fara Da Tsofaffi Da Takardunsu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida in yi magana da masu shirya taron tunawa da jam'iyyar NEPU da magajiyarta PRP. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, an kafa PRP a 1978, wato PRP za ta cika shekara 50 a 2028, NEPU kuma ta cika 80 a 2030. Lokacin fara shiri ya yi, domin irin shirin da muka saba, na sati biyu kafin ranar, ba ya haifar da komai sai kanofi da lasifika da jawabin babban baƙo. A watse da la'asar, washegari babu ko shafi ɗaya da aka ƙara wa tarihin jam'iyyar.

Ga misalin abin da nake nufi. Kowa ya san mutum takwas ne suka kafa NEPU. Ana lissafa Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin da Musa Kaula da Abdulƙadir Ɗanjaji da Baballiya Manaja. In aka zo kan na takwas sai rubuce-rubuce su saɓa, wani ya sa Maitama Sule, wani ya sa Garba Bida. Sannan a kan dandamali kullum sai ka ji mai jawabi ya ce Malam Aminu Kano ne ya kafa ta, alhali a ranar yana koyarwa a kwalejin horar da malamai ta Maru. Sai a ƙarshen 1950 ya ajiye aikin, ya zama shugabanta a 1953. Wannan bai rage masa komai ba, amma in ranar farko ma ana tuntuɓe a kanta, ina ga abin da ya faru da talakan Nguru ko Ƙauran Namoda da aka ɗaure saboda ya yi lacca babu izinin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna?

Don haka aikin farko na kwamiti shi ne hira da waɗanda suka rage, kuma lissafin shekaru kaɗai ya isa ya nuna gaggawar abin. Yaron da yake shekara 15 a zaɓen 1959, wanda Malam ya ci kujerar Kano ta Gabas, yau ya haura 80. Wanda ya jefa ƙuri'arsa ta farko ga mabuɗin PRP a 1979 ya wuce 60 da nisa. Manyan sun riga sun tafi: Hajiya Gambo Sawaba a 2001, Abubakar Rimi a 2010, Maitama Sule a 2017, Balarabe Musa a 2020. Waɗanda suka rage yawanci ba masu suna ba ne. Teloli ne da mahauta da 'yan koli da tsofaffin 'yan Rundunar Samarin Sawaba, reshen matasa na NEPU, kuma su ne suka san abin da ba a rubuta ba.

Hirar tana da ƙa'ida. Mutum biyu suke zuwa, ɗaya yana tambaya, ɗaya yana kula da na'ura yana rubuta sunayen mutane da garuruwa da aka ambata, a tabbatar da su kafin a tashi. Kada zama ya wuce minti 60 zuwa 90, gara a komo sau biyu ko uku, domin tsoho in ya gaji sai ya koma maimaita labarin da ya saba bayarwa a majalisa. A fara da faɗin kwanan wata da wuri da sunan mai magana da yardarsa a cikin muryar kanta, har da ko ya yarda a sa a rediyo. A shiga ɗaki, a kashe fanka, a nisanci janareto, a ajiye na'urar kamar kamu ɗaya ko biyu daga bakinsa, a kan tsumma, ba kan tebur tsirara ba. Wayar hannu tana yi in babu rikoda, amma a rufe layinta, domin kira ɗaya yana yanke ɗauka. Babban kuskuren da ake yi shi ne tara dattawa biyar a zaure ɗaya don a rage wahala. Abin da ke faruwa shi ne wanda ya fi girma ko ya fi baki ya riƙe magana, sauran su yi ta "haka ne, haka ne", a tashi da labari ɗaya maimakon biyar. Kowa a same shi shi kaɗai. Mata kuma mace ce za ta shiga wajensu, kuma kada a tsaya kan shugabanni. Matan Arewa sun yi ta shan ɗauri da tara saboda NEPU a zamanin da ko ƙuri'a ba su da ita, sai a 1979 suka yi zaɓen ƙasa na farko.

Kada a tambayi tsoho "a wace shekara?", zai ba ka lamba don kada ya kunyata ka. A tambaye shi kafin zuwan Sarauniya ne ko bayansa, wato 1956, kafin samun mulkin kai ne, ko kafin saukar Sarki Sanusi a 1963. Kuma a bar tambayar "yaya Malam yake?", amsarta yabo ce da kowa ya haddace. A tambayi nawa ake biyan kuɗin kati, wa ke riƙe asusun reshe, a ina ake taro in an hana fili, wane alƙali ya yanke hukunci, wata nawa aka yi, wa ya ciyar da iyali. Daga irin wannan ne za a gane yadda zaɓen 1951 ya kasance a ƙasa, inda NEPU ta yi rinjaye a matakin farko a birnin Kano amma tsarin zaɓe hawa-hawa, da mutanen da En'e ke cusawa a matakin ƙarshe, suka sa ta tashi babu kujera ko ɗaya. A nemi ɗaya ɓangaren ma. Tsohon ɗan doka, da magatakardan kotun alƙali, da ɗan NPC mai fartanya, jam'iyyar da ke mulkin Arewa a lokacin, kowa yana da abin faɗa, kuma tarihin da aka ji daga baki ɗaya waƙar yabo ce kawai. A sani kuma rubuta hirar awa ɗaya yana cin awa biyar zuwa shida, don haka hira 40 aikin watanni ne ga mutum biyu, sai a sa kuɗinsa a kasafi tun farko.

Sai takardu, inda aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. A gidaje da yawa akwai adaka da ke ɗauke da katin jam'iyya mai tauraro, da bajo, da sammaci, da rasit na haraji da jangali, da wasiƙu da waƙoƙi cikin ajami, da yankakkun shafukan Daily Comet da Gaskiya Ta Fi Kwabo. Magada sukan ga takarda ta fara yagewa sai su kai ta shago a yi mata laminatin. Wannan kashe ta ne. Zafi da gam suna shiga jikin takardar, ba a iya cire ledar kuma, bayan shekaru ta yi ja ta dusashe a ciki. Haka salatif, yana bushewa ya faɗi ya bar tabo mai ruwan ƙasa daidai kan rubutun. Fil da ƙusar sitefila suna tsatsa su ci gefen takarda, a cire su a hankali. Takardar da ta daɗe a naɗe kada a buɗe ta da ƙarfi lokacin hunturu, karyewa za ta yi a kan lanƙwasar. A shimfiɗa kowace tsakanin fararen takardu biyu a cikin fayil, a sa a akwati, a ɗaga akwatin daga ƙasa, a raba shi da bango saboda gara da danshi. In za a yi lamba a bayanta, da fensir, ba biro ba.

Kada kwamiti ya ce a kawo masa kaya ofis. Mutane sun sha ba da hoton mahaifinsu aro bai dawo ba, kuma suna da gaskiya in sun ƙi. A ɗauki sikana da kwamfuta a je gidan, a yi aikin a gaban mai kaya, a miƙa masa abinsa tare da kwafi. Takarda a ɗauke ta a ma'aunin sikana na dpi 300, hoto a 600, gaba da baya, domin sau da yawa sunan mai hoto da garin da kwanan wata suna baya. A ajiye a tsarin TIFF, sannan a fitar da JPEG don rabawa. Hoton da aka tura ta WhatsApp an matse shi, ba ya bugawa a babban allo. Kuma hoto babu suna rabin hoto ne: a zauna da mai shi a rubuta daga hagu zuwa dama wane ne wane, tun yana da ido da tunani.

Zamanin PRP kuwa zamanin kaset ne, laccoci da waƙoƙin Santsi da Taɓo, ɓangarori biyun da jam'iyyar ta rabe, duk suna kansa. Kaset mai shekara 40 ba a jefa shi cikin kowace rikoda. A fara duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren, yakan ɓalle, in babu shi murya za ta fito a dishe. A ɓalle 'yan kunnuwan da ke samansa don kada wani ya danna jan maɓalli ya goge. A juya shi da biro a ji ko zaren ya manne, sannan a tura shi gaba har ƙarshe a dawo da shi sau ɗaya. A goge kan rikodar da auduga da sifirit, a canza bel in ya saki, in ba haka ba muryar Rimi za ta fito tana jan ƙafa ko kuma na'urar ta tauna zaren. A haɗa da kwamfuta ta waya, ba a kara wayar hannu a bakin lasifika ba. Kaset mai minti 90 minti 90 yake ci, babu gajeriyar hanya. A tsarin WAV mai kyau awa ɗaya tana cin kusan gigabait ɗaya, don haka faifan ajiya mai terabait ɗaya ya ishi aikin duka. A yi kwafi uku, a wuri uku. Gidan Mambayya da ke Gwammaja, tsohon gidan Malam Aminu wanda ke ƙarƙashin Jami'ar Bayero, shi ne mazaunin farko da ya dace, sai Arewa House a Kaduna. A Kadunan kuma akwai Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa, inda fayilolin lardunan Kano da Zariya da Sakkwato suke, a tura ɗalibai biyu su gwada abin da tsofaffi suka faɗa da abin da Razdan da Di'o suka rubuta. Wanda ya sami hali ya leƙa Zinder da Maraɗi, domin 'yan jam'iyyar Sawaba ta Nijar, ta Djibo Bakary, bayan an haramta jam'iyyarsu a 1959, da yawa Kano suka gudo, 'yan NEPU suka sauke su.

Ranar taron kanta ba ta da wuya in an yi wancan. A tuna 8 ga Agusta tsakiyar marka ce, a kama zaure mai rufi, kuma abin da za a kafa a bango kwafi ne, asali ya zauna a akwati. Ƙasida biyu sun isa, minti 20 kowace, da Hausa, tunda jam'iyyar da Hausa ta yi magana da mutanenta. A karanta Sanarwar Sawaba, wato takardar manufofin NEPU, da babbar murya, gajeriya ce. A sa muryoyin da aka ɗauko, minti uku-uku. Dattawan su zauna a sahun gaba, a aika musu mota, kada a bar su a rana suna jiran wani mai girma da ya ce ƙarfe goma ya zo ƙarfe ɗaya.

Abin da ya fi ɓata irin wannan taro shi ne kuɗin mutum ɗaya. Duk wanda ya biya zaure da abinci shi ke zaɓen mai magana, sai 'yan jagaliya su cika wuri da hotunansa, ranar NEPU ta koma gangamin neman takara. Yau kowace jam'iyya a Kano tana cewa ita ce magajiyar Malam, kuma ba laifi ba ne su zo, amma su zo a matsayin baƙi. Soja sun rushe NEPU tare da sauran jam'iyyu a 1966, ba ta bar wa kowa wasiyya ba. Maganin abin shi ne karo-karo, kamar yadda ita kanta ta rayu da sisi da kwabon mambobinta: a ƙayyade abin da mutum ɗaya zai iya bayarwa, a buga sunaye da adadi, a hana fosta a cikin zaure. A ganina kashi biyu cikin uku na abin da aka tara ya tafi ga hira da sikanin da rubutawa, kashi ɗaya ga taro.

Kuma a faɗi tarihin da ɗacinsa. A faɗi soke haraji da jangali da gwamnatocin PRP suka yi a Kano da Kaduna, da hukumar yaƙi da jahilci ta Kano, da hutun ranar ma'aikata da Kano ta fara bayarwa a 1980. A kuma faɗi rabuwar Santsi da Taɓo, da tsige Balarabe Musa daga kujerar gwamnan Kaduna a watan Yunin 1981, da kisan Dokta Bala Muhammad, mai ba Gwamna Rimi shawara kan siyasa, a tarzomar Kano ta 10 ga Yuli na shekarar. Masu rai a ɓangarorin biyu har yanzu ba su yarda da juna kan wanda ya jawo ba. A ɗauki kowa daban, a ajiye muryoyin a fayil ɗaya, a rubuta a kan kowace wane ɓangare mai maganar yake a lokacin.

Na gode, Malam Edita. Wassalam.

Mai karatunku,
daga Kano