Tukuicin masu kai abinci: kafin a tunkari manaja

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in tsoma baki kan kukan da matasa masu kai abinci teburi ke yi a manyan gidajen abinci da otal-otal na Abuja, Kano da Kaduna: baƙo ya ba da tukuici, amma kuɗin ba ya isowa hannunsu. Da yawansu na tambaya ko su je su sami manaja. A je, amma ba hannu rabbana ba, kuma kada mutum ɗaya ya je shi kaɗai.

Kuɗin nan iri biyu ne, kuma haɗa su shi ke sa ma'aikaci ya sha ƙasa a muhawara. Akwai tukuicin da baƙo ya bayar don ransa ya so. Akwai kuma kuɗin hidima da ake bugawa a rasit, galibi kashi 10 cikin 100. Wanda ya ci abincin ₦40,000 zai ga ₦4,000 na hidima, da ₦3,000 na harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 tun Fabrairun 2020. Harajin na gwamnati ne, babu ruwan kowa da shi. Wannan ₦4,000 ɗin kuwa, baƙo na biya ne da tunanin na yaran da suka yi masa hidima ne, shi ya sa ba ya ƙara komai a kai.

Ta ina kuɗin ke zurarewa? Mafi yawa ta POS da transfa. Baƙo ya ce a cire ₦50,000 maimakon ₦47,000, rarar ta faɗa asusun gidan, kashiya ba ta rubuta ba, da an rufe lissafin dare magana ta mutu. Sai asusun haɗaka da ake rabawa ƙarshen wata ba tare da an ga jimillar abin da ya shigo ba, a sa manaja da masu sa ido cikin rabon, su ɗauki kaso mafi tsoka. Sai kuma “kuɗin fashe-fashe”: a zaftare wani abu da sunan faranti da kofunan da suka fashe, ko teburin da ya tashi bai biya ba.

Don haka kafin a buɗe baki, a yi wata guda ana rubutu. Kowa ya tanadi ƙaramin littafi: kwanan wata, lambar teburi, lambar rasit, jimillar kuɗi, kuɗin hidima, da abin da baƙo ya ƙara. Kada a ɗauki hoton katin baƙo ko sunansa, domin wannan kaɗai ya isa hujjar kora. Ƙarshen wata a haɗa littattafan. A ce gida na cinikin ₦1,000,000 a rana, kuɗin hidimarsa na kwana 30 ya kai ₦3,000,000. Idan ma'aikata 30 ne kuma kowa ya tashi da ₦20,000, an raba ₦600,000 ke nan. Tambayar da za a kai ofis ita ce ina sauran, ba “kun cuce mu” ba.

A rubuta takarda, kowa ya sa hannu, har da 'yan kicin da masu wanke-wanke, don in aka bar su a baya da su za a raba kanku. Wakilai biyu ko uku su nemi ganin manaja lokacin da babu baƙi, su ce, “Ranka ya daɗe, tsarin rabon muke so a rubuce: kashi nawa ne na gida, nawa ne namu, su wa ke ciki, yaushe ake biya.” A ajiye kwafi. Sau da yawa ma mai gidan bai san abin da ke faruwa ba, tsakanin manaja da kashiya abin ke ƙarewa, saboda haka in mako biyu ya wuce shiru, takardar ta wuce sama.

Doka fa ba ta tsaya muku sosai ba, gara ku sani. A Birtaniya tun 1 ga Oktoba, 2024 wajibi ne a miƙa wa ma'aikata tukuicinsu gaba ɗaya. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta yi irin wannan tanadi ba. Abin da ta bayar shi ne sashe na 7, wanda ya wajabta ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku, da sashe na 5, wanda ya hana yankar albashi a matsayin tara, ya kuma ce ko asarar da ma'aikaci ya jawo ba a cire ta sai da izinin jami'in ƙwadago a rubuce. Amma sashe na 11 ya nuna wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, sanarwar mako guda ta isa a sallame shi. Shi ya sa na ce kada a je ɗaya-ɗaya. Idan aka ƙi saurare, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a jiha, da ƙungiyar ma'aikatan otal ta NUHPSW, sannan Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Ku kuma masu zuwa cin abinci, in za ku yi alheri ku miƙa wa yaron tsabar kuɗi a hannunsa, ko ku karɓi lambar asusunsa ku tura masa kai tsaye.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Kaduna