Godiya ga teburin bukin ɗin tafiya ta gaba na jirgin MSC Euribia

Assalamu alaikum.

Wannan wasiƙar taku ce, ma'aikatan kamfanin jiragen ruwa na MSC da ke zama a teburin da ake yin bukin ɗin tafiya ta gaba (wato kama wuri tun kafin lokacin tafiyar) a cikin jirgin Euribia, musamman baiwar Allahn da ta saurare mu ni da maiɗakina a watan Janairun 2025, lokacin da jirgin ke zagayensa na hunturu tsakanin Doha, Baharen, Abu Dabi, tsibirin Sir Bani Yas da Dubai. Na rubuta ta a fili da Hausa ne saboda 'yan uwana da suka fara sha'awar irin wannan yawon na jirgin ruwa su ma su karanta, don tambayar da na je muku da ita kusan duk wanda ya hau sai ta zo masa: in yi bukin ɗin wata tafiyar tun ina cikin jirgi ko in bari sai na sauka?

Ga wanda bai taɓa hawa ba, manyan kamfanonin nan kusan kowanne yana da irin wannan teburin, kuma suna da dalili, sun san mutum yana tsakiyar jin daɗi, ya ci ya ƙoshi, iskar teku na kaɗa shi, yara na can wajen wasan ruwa ba mai damunsa, to a lokacin ne ya fi sauƙin cewa eh. Abin da ake jan hankalinka da shi yawanci shi ne sauƙi a kuɗin kafin alƙalami da kuma wani kuɗin kashewa da za a zuba maka a katin ɗakinka a tafiya ta gaba, wanda a cikin jirgi kaɗai yake aiki, ba za ka cire shi ka sa a aljihu ba.

Mu abin da ya kai mu shi ne mun ji cewa wannan jirgin dai da muke ciki idan zafi ya shigo yankin Gulf yakan koma arewacin Turai, ya riƙa tashi daga Kiel ta Jamus ya bi ta Kopenhagen ya shiga lungunan tekun nan na Norwe masu duwatsu da ruwa na gangarowa daga sama, su Flam da sauransu. Maiɗakina tun da ta ga hotunan ta ce ita fa nan za a kai ta, ni ma gaskiya raina ya biya, katin bankina a hannu na zauna a gabanku.

Tambayar farko da ma'aikaciyarku ta yi mana, tun kafin ta buɗe maganar ɗaki mai baranda ko mara taga, ita ce wane fasfo muke riƙe da shi. Muka ce na Najeriya, zama kawai muke a Katar. Sai ta juyo mana da fuskar kwamfutar ta ce to mu tsaya mu yi lissafi tukuna, Jamus da Denmak da Norwe duk suna cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da biza ɗaya ke shigar da mutum cikinsu (Norwe ba ta cikin Tarayyar Turai amma tana cikin Shengen), kuma katin zama na Katar ba ya ɗauke mana neman biza. Ta ce neman biza nauyin fasinja ne, kamfani ba ya bayarwa, wanda ya iso tashar jirgi babu ita ba za a bar shi ya hau ba, kuma a wannan matakin kuɗinsa ya riga ya shiga halin da ba ya dawowa. Ga shi bizar Shengen ba a karɓar takardun nemanta sai tafiya ta rage wata 6 ko ƙasa da haka, kuɗinta ma ya koma Yuro 90 ga babba tun watan Yunin 2024 kuma ko an hana ka ba a mayarwa, shi kuwa cikon kuɗin jirgi ana so ka biya tun saura wata biyu zuwa uku, daga nan duk kwanan da ya matso tarar fasawa ƙaruwa take yi. Kun ga ke nan mutum zai iya biyan kuɗin ɗaki kaf alhali fasfonsa na can ofishin jakadanci bai san me za a ce masa ba.

Wallahi wannan ne ya sa nake rubutun nan. Ita aikinta ta sayar, da ta yi shiru ta karɓi katina babu wanda zai ce ta yi laifi tunda komai na rubuce a sharuɗɗan da yawancinmu ba ma karantawa. Ni ɗan Kano ne, na san darajar ɗan kasuwar Kantin Kwari da zai ce maka Alhaji ajiye wannan shaddar ba za ta yi maka ba, alhali ita ta fi tsada a shagon, irin wannan mutumin ba ka ƙara zuwa wajen kowa sai shi.

Bayan haka ta bi mana sauran abubuwan ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa duk da akwai mutane na jira a bayanmu. Ta nuna mana cewa kuɗin da ke jikin talla ba shi ke nan ba, akwai kuɗin hidima da ake lissafa wa kowane fasinja kullum, ga intanet, ga abin sha, ga yawon gari idan jirgi ya tsaya, ga tikitin jirgin sama zuwa inda za a hau wanda sau da yawa shi ne ma babban kashin. Ta ce in buɗe shafin kamfanin a wayata in kwatanta farashin da idona. Na tambaye ta ejan ɗin da ya yi mana bukin ɗin wannan tafiyar fa, kar ya ga kamar mun zagaye shi, ta ce ana iya sa sunansa a kan sabon bukin ɗin ya ci gaba da kula da shi, wannan ya kwantar min da hankali sosai don mutumin ya yi mana ƙoƙari a kan takardu. Sannan ta buga mana komai a takarda ta ce mu je ɗaki mu yi shawara, tana nan har daren ƙarshe.

Da muka koma washegari Norwe mun ajiye ta sai mun samu biza a hannu. Amma ba mu tashi haka nan ba, mun yi bukin ɗin wannan zagayen na Gulf na hunturu mai zuwa don mu kawo Hajiyarmu da surukaina, tunda hanya ce da muka riga muka san takardunta kuma a Doha za mu hau ba sai mun sayi tikitin jirgin sama mu da yara ba. Ko a nan sai da ta yi haƙuri da mu muna ta lissafin azumi a waya, don Ramadan duk shekara yana matsowa da kusan kwana 11, na 2026 zai kama wajen tsakiyar Fabrairu, wato tsakiyar kakar jiragen Gulf ɗin, shi ya sa muka tsaya a Disamba.

Ra'ayina ga 'yan uwa, idan ka tabbata za ka sake hawa, hanyar kuma ba ta da matsalar biza a gare ka, ka san lokacin hutunka da na makarantar yara, to yi bukin ɗinka a cikin jirgi, garaɓasar ba ta da yawa amma ba a raina ta. Wanda kuma da naira yake samun kuɗinsa ya ƙara tunani sau biyu, duk mun ga yadda dala ta tashi daga wajen 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024, kafin alƙalamin da ka bayar yau ƙarami ne, cikon da ke jiranka nan da wata goma da kuɗin waje za ka biya shi a farashin ranar. Kuma dan Allah kafin ka miƙa kati ka tambaya ko kuɗin na dawowa in ka fasa, ko ana iya canza rana ko sunan mai tafiya, a rubuta maka amsar a takarda.

Ina roƙon shugabannin MSC su san cewa suna da ma'aikaciya irin wannan a Euribia, na rubuta hakan a fom ɗin jin ra'ayi da kuka turo ta imel, ina kuma maimaitawa a nan. Mun gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya ƙara wa kasuwarku albarka. In Allah ya kai mu Disamba za mu leƙo teburin da Hajiya mu gaisa.

Naku,
wani ɗan Kano mazaunin Doha