Dan Allah ku bar mabusa saksafon ɗin nan su kai ƙarshe

Assalamu alaikum Malam Edita, ranka ya daɗe, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka.

Na daɗe ina sauraron shirinku na kiɗe-kiɗen duniya, ban taɓa rubuto muku ba sai yau, saboda abin da ya faru a shirin makon jiya ya tsaya min a rai. Kun saka wasu mutum huɗu masu busa saksafon, wallahi ina jin farkonsa na ajiye abin da nake yi na matso kusa da rediyo, amma ko minti biyu ba a yi ba mai gabatarwa ya shigo yana gaishe-gaishe a kan busar, ya ce wai jaz ne daga Amurka, sannan aka katse aka shiga talla. Haba jama'a.

Ba laifinsa nake gani sosai ba, kusan kowa in ya ji saksafon jaz ne ke zuwa masa a rai. Amma abin da kuka saka rubutaccen kiɗa ne na Alexander Glazunov, ɗan Rasha, wanda ya rubuta a Faris a 1932, kowane sauti yana kan takarda, ba wanda ke ƙirƙiro nasa yana cikin busa kamar yadda ake yi a jaz. Kuma shi kansa saksafon ɗin ya girmi jaz nesa ba kusa ba, Adolphe Sax ɗan Beljiyam ne ya ƙera shi, ya yi masa rajista a Faris a 1846, kuma tun 1857 wani ɗan ƙasarsu Jean-Baptiste Singelée ya rubuta kiɗa na mabusa huɗu. Daga baya Marcel Mule da abokan aikinsa a ƙungiyar badujalar sojan Faransa suka kafa tasu ta mutum huɗu a 1928, su ne ma Glazunov ya rubuta wa wannan.

Ni abin da ke taɓa ni a irin wannan kiɗan shi ne babu madugu a gabansu da sanda, babu ganga, babu fiyano, mutum huɗu ne kawai da numfashinsu. Saksafon ɗin nasu iri huɗu ne, akwai sofrano mai siririyar murya, sai alto, sai teno, sai babban wato bariton da ke riƙe da ƙasa. Jikinsu duk na tagulla ne amma sautin daga ɗan siririn kara yake fitowa wanda ake ɗaurawa a bakin abin, shi ya sa in suka yi ƙasa da murya sai ka rantse abu ɗaya ne ke busawa, can kuma sai su rabu kowa ya kama hanyarsa, wannan ya ɗauko zance wancan ya amsa, bariton yana bin su a hankali kamar dattijo cikin yara. In ka kasa kunne da kyau har jan numfashinsu kana ji kafin su shiga tare, da shi suke ba juna alama. To ta yaya mutum zai ji wannan ana karanta gaisuwa a kai?

Kuma inda kuka yanke ko kashi na biyu na kiɗan ba a kai ba, alhali nan ne daɗin yake, inda Glazunov ya ɗauki karin waƙa guda mai sanyi yana ta jujjuya shi, wani wuri a salon Schumann wani wuri a salon Chopin, wato wasu shahararrun marubutan kiɗa na Turai.

Roƙona ba mai yawa ba ne. Ku ware ko rabin awa ne a wata, mai gabatarwa ya yi bayaninsa tun farko, wa ya rubuta, yaushe, su waye ke busawa, sannan ya yi shiru har a gama. Na san za a ce masu sauraro ba su saba ba, to ni ma ai ba da shi aka haife ni ba, a rediyo na fara ji wata rana da dare kuma wanda ya saka ya bar shi ya kai ƙarshe. In za ku maimaita, dan Allah ku fara da na Glazunov ɗin nan, daga farko.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai sauraronku na kullum